Wurin Gurgu a Ayari

A tashar motar Kazaure, bakin titin da ya taso daga Kano ya miƙe zuwa Daura, ƙaramar mota ba ta tashi sai ta cika maƙil, mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba. Idan mai keken guragu ya iso, ɗan kamasho kan fara duban keken kafin ya dubi mai shi. Za a yi cinikin kuɗin kaya, a cusa keken a but, rabinsa a waje, a ɗaure murfin da igiyar roba. Sannan samari biyu su ciccibi fasinjan, ɗaya ta hammata ɗaya ta gwiwa, su dasa shi a kujera, sauran fasinjoji suna "sannu, sannu", wani dattijo yana "Allah ya ba da lada". Babu mugunta ko kaɗan a wannan hoto, kuma shi ya sa yake da wuyar suka. Amma mutumin nan ya baro gidansa a Gwiwa ko Roni tun asuba ba tare da ya san ko za a ɗauke shi ba, ko nawa za a caje shi kan ƙafafunsa na ƙarfe, ko su wane ne za su ɗaga shi, ko kuma in ya sauka a Kano akwai wanda zai sauke shi. Tafiyarsa duka a kan alfarma take. Abin da tarihin tafiye-tafiyen ƙasar Hausa ke nunawa shi ne, alfarma ta wadatar a zamanin da ake tafiya da saurin jaki, kuma ta daina wadatarwa tun ranar da mota da jirgi suka karɓi ragamar hanya, mu kuwa ba mu sauya ta da komai ba.

Can a wata duniya akwai abin da ya kamata a ajiye kusa da wannan hoto, ko da kuwa za a ce an haɗa raƙumi da akala ba tasa ba. Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke tashi daga Amurka da Turai suna da ɗakunan kwana dubu biyu ko fiye, kuma a cikinsu akwai 'yan gomomi da aka ƙera domin mai keken guragu. Ƙofar irin wannan ɗaki tana kai inci 32 a faɗi, alhali ƙofar sauran ɗakunan ba ta shigar da keke. Babu dokin ƙofa a banɗakinsa, wurin wanka a shafe yake da daɓen ɗaki, da kujera mai naɗewa a jikin bango da ƙarafan dafawa, kuma an bar fili a gefen gado yadda keke zai juya. Saboda ƙarancinsu, watanni da yawa kafin tafiya ake kama su, kamfani kuma yakan ba mai nema takarda ya cike, ya tabbatar da buƙatarsa, ya faɗi girman kekensa. Ƙyale-ƙyalen jirgin ba su dame mu ba. Abin lura shi ne mutum yana zaune a gidansa ya san faɗin ƙofar da zai shiga wata shida nan gaba.

Kakanninmu ba su san wannan ba, kuma ba su buƙace shi sosai ba. Lokacin da Ibrahim Ɗantunku ya kafa Kazaure a 1819, da shekaru kusan ɗari bayansa, duk mai fita daga wannan yanki, ko kudu zai yi zuwa Kano ko arewa ta Ɓaɓura zuwa Damagaram, a ayari yake tafiya. Ayari kuwa saurinsa saurin mafi rauninsa ne. Akwai tsofaffi, akwai mata masu goyo, akwai jakuna da takarkarai masu ɗauke da kaya, ana tashi da sanyin asuba a yada zango kafin rana ta take tsaka. Jaki gajere ne, yaro ma yana iya taimaka wa gurgu ya hau shi, kuma ba shi da ƙofa balle a ce ta yi ƙunci. Zango fili ne a ƙasa, babu bene. Makaho da ɗan jagoransa da sandarsu guda, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba su rage wa madugu tafiya da komai. Al'ummar ma ta tsara wa waɗannan mutane matsayi. Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin birni, kuma har yau sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare suna nan a masarautun Arewa. Baƙon makaho da ya sauka gari ya san gidan da zai nufa, kamar yadda falke ya san fatomansa. Wannan shi ne tanadin wancan zamani: ba a gina wa mai lalura ɗaki na musamman ba, amma hanyar kanta ba ta fi ƙarfinsa ba.

Babbar jarrabawar wannan tsari ita ce tafiyar Makka. Malaman Malikiyya, waɗanda fiƙihunsu ake karantawa a zaurukan Kazaure da Roni, sun faɗaɗa ma'anar ikon zuwa hajji fiye da yadda mutane da yawa ke zato. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya nuna cewa hajji na hawa kan mutum ko ba shi da guzuri da abin hawa, muddin yana da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya kuma yana iya tafiya a ƙasa, sai ya kawo misali da makahon da ya sami ɗan jagora. Wato fiƙihu bai ɗauki makanta a matsayin abin da ke cire mutum daga sahun matafiya ba. Da wannan fahimta dubban talakawa suka bi gabas: daga Kano zuwa Borno, su ƙetara zuwa Fort Lami da Abeshe, su shiga Darfur ta Jinena da Fashir, har Al-Ubayyid inda layin dogo ya iso a farkon shekarun 1910. Tafiyar takan ci shekaru. Ana tsayawa a yi noma, a yi ɗinki, a yi wanzanci, a yi bara, bayan 1925 kuma a tsinci auduga a gonakin Jazira, sannan a ƙara gaba. Wasu sun tsaya ke nan, su ne asalin garuruwan Hausawa da Fulani na Sudan irin su Mai Wurno, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tafiyar da ba ta da ranar isa tana da wuri ga kowa, har ga wanda ke jan jiki da takalman katako a hannu.

Sai an kai bakin Bahar Maliya lissafin ke sauyawa, kuma a nan ne Bahaushe ya fara haɗuwa da abin hawan da ba ya jiran kowa. Daga Sawakin ake ƙetarawa zuwa Jidda. Hukumar mulkin mallaka ta Sudan ta sa sharuɗɗa, da killacewar lafiya da allura da takardar tafiya da kuɗin jirgin tururi, waɗanda ba su da hali kuma sukan bi dare su shiga ƙananan jiragen filafilai na Larabawa a ɓoye. Jirgin tururi yana da ranar tashi da adadin mutane, ana hawansa ta siririyar gada mai tudu, mahajjata su jibge a farfajiyarsa kowa da tabarmarsa da butarsa. A Jidda ma ba a gama ba, domin duwatsun murjani sun tare bakin gaɓar, manyan jirage a wancan lokaci can nesa suke tsayawa, a sauko da mutane ta tsani zuwa kwale-kwale teku tana rausaya shi. A yi tunanin wanda ƙafafunsa suka shanye a kan wannan tsani. Babu abin da zai fisshe shi sai bayan wani ƙato, in an samu. Abin mamaki, wannan matsala ba ta mutu ba ko a jiragen shaƙatawa na yau: a tashoshin da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa sai an yi jigila da ƙananan jirage, kamfanoni da kansu suna gargaɗin mai keke cewa mai yiwuwa ba zai sauka ba, sai dai ya hango garin daga sama.

Daga nan kowane sabon abin hawa sai ya ƙara wa matakala tsawo. Babbar mota mai bodin katako ta mayar da tafiyar shekaru ta koma ta makonni, amma sai an taka taya an kama ƙarfe an haura. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, wanda har yau wani yanki na Fagge ke amsa sunansa, suka fara da motoci zuwa Sudan, ba da jimawa ba aka koma jirgin sama. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka sake mata fasali ta zama NAHCON a 2006. A wannan tsakani kalmomin tafiyar ma sun sauya. Da ana cewa wane ya bi ayari, yanzu sai a ce ya biya kujera. Kujera kuwa awonta guda ne, an yanka ta ne a kan jikin mai lafiya, tana saman matakala mai tsani ashirin da wani abu, a ƙarshen layin da aka yini ana bi a sansanin alhazai. Babu mai hankalin da zai ce a koma tafiyar ƙafa, wadda ta cinye rayuka ba adadi a dajin Wadai da Darfur. Magana ita ce sauƙin da injin ya kawo ba a raba shi daidai ba: mai ƙafa ya samu duka, marar ƙafa ya samu saurin amma ya rasa sassaucin da ayari ke ba shi.

Mai musu na farko zai ce addini ya riga ya yi wa mai lalura rangwame, wanda ba shi da iko ba a ɗora masa ba, don haka me ya kawo wahalar da kai. Gaskiya ne akwai rangwame, amma rangwame izini ne ga mai shi, bai zama lasisi ga sauran jama'a su toshe hanya ba. Iko kuma ba abu ne da ke zaune a jikin mutum kaɗai ba, rabinsa yana jikin hanya. Makahon Halilu ba shi da iko sai da aka sami ɗan jagora, da aka samu kuwa hukuncinsa ya koma na kowa. Hadisi ya tabbatar da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi, kuma ya umarci Ummu Salama da ba ta da lafiya ta yi ɗawafi a kan abin hawa daga bayan mutane. Tsofaffin alhazai suna tuna lokacin da ake ɗora marasa ƙarfi a kan wani gadon katako, ƙarti huɗu su ɗauka a ka suna ratsa cunkoso, ana biyansu. Yau wannan ya kau. A tsakiyar Safa da Marwa an keɓe layi domin kekuna, akwai hawa na sama da ake ɗawafi da keke, akwai kekunan lantarki na haya. Masallacin Harami da kansa ya tashi daga ɗauka a ka ya koma gini da tsari, ba wanda ya ce an rage tausayi. Maniyyacin Gwiwa mai keke ya fi samun sauƙi a ƙarshen tafiyarsa fiye da farkonta, domin wahalar tana tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar jirgi a Dutse ko Kano.

Kada kuma a zaci kamfanonin jiragen ruwa kirki ne ya motsa su. Amurka ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu a 1990, amma kamfanonin suka fake da cewa jiragensu a wasu ƙasashe aka yi musu rajista, suna ɗauke da tutar Bahamas da makamantanta, don haka dokar ba ta hau kansu ba. Wani mai keken guragu, Douglas Spector, da wasu fasinjoji suka kai kamfanin Norwegian Cruise Line ƙara, suna kukan ana cajinsu fiye da kowa kuma an bar musu shingaye a ko'ina cikin jirgi. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar tana aiki kan jiragen ƙasashen waje da ke ɗaukar fasinja a ruwan Amurka, sai dai inda gyaran zai ci karo da ƙa'idojin tsaron teku. Wannan togaciya tana da dalili: dogon dokin ƙofar da ke tare keke a jirgi, shi ne kuma ke tare ruwa. A 2010 ma'aikatar sufurin ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa ba za a ƙara wa mai lalura kuɗi ba, kuma ɗakin da aka ƙera dominsa ba za a sayar wa mai lafiya ba sai sauran ɗakunan ajinsa sun ƙare. Tarayyar Turai ta yi tata a shekarar, ta fara aiki a ƙarshen 2012, inda ta ce fasinja ya sanar da buƙatarsa awa 48 kafin tafiya, taimakon kuma kyauta ne. Shekara ashirin ke nan ana ja-in-ja kafin ƙofa ta ƙara faɗi.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Za a ce Bature ya gina ƙofa mai faɗi ne domin ba shi da ɗan'uwan da zai ɗauke shi, mu kuwa zumunci ya ishe mu, kuma a tashar Kazaure ba a taɓa barin gurgu a ƙasa don rashin mai ɗagawa ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma asara ce babba a musanya wannan hali da takarda. Sai dai a tambayi wanda ake ɗagawar. Magidanci mai 'ya'ya, malami ko tela ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, a ciccibe shi a gaban jama'a rigarsa na tattarewa, sau huɗu a tafiya guda, kowane karo da godiyar da zai biya. Mace kuma fa? Al'adar da ta hana namiji baƙo ya taɓa ta, ita ce ta bar ta ba hanyar shiga mota sai ta hannun namiji baƙo, sakamakon haka mata guragu da yawa ba sa tafiyar sam. Waɗanda suka fasa fitowa ba a ganinsu a tasha, shi ya sa mai kallon tasha ke ganin kamar kowa ya samu shiga. Ban da haka, zumunci na aiki inda aka san mutum. A kasuwar Ɓaɓura ana sanin ɗan wane ne, a filin jirgin Jidda ba wanda ya san shi. Tsohon ayari ya haɗa abu biyu, mutanen da suka san ka da hanyar da ta dace da jikinka. Mun riƙe na farko muna taƙama da shi, na biyun ya suɓuce ba mu lura ba.

Musu na uku na kuɗi ne: jiha irin Jigawa da ke fama da rijiya da aji da asibiti ina ta ga halin ƙera wa 'yan tsiraru abin hawa. Da farko dai ba tsiraru ba ne. Cutar shan inna ta daɗe tana ɓarna a Kano da Jigawa, ta ƙara ƙarfi bayan dakatar da rigakafi a 2003 da 2004, kuma ko da aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Najeriya, yaran da ta shanye wa ƙafa a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau, masu neman makaranta da kasuwa da aure. A ƙara da waɗanda haɗarin babur ya kwantar, da masu shanyewar ɓarin jiki, da tsofaffi, waɗanda su ne kaso mai tsoka na maniyyata kowace shekara, domin talaka sai ya tsufa yake tara kuɗin kujera. Na biyu, Jigawa ta riga ta nuna ta yarda da nauyin: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 duk wata. Mataki ne na kirki, amma a cikin tsohuwar al'adar sadaka yake, yana sa abinci a baki ba ya buɗe ƙofa. Doka ma akwai. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, dokar ta ambaci motocin haya da tashoshin jiragen ruwa da na ƙasa da na sama, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, matakalar sakatariya da ta banki da ta masallacin Juma'a a yawancin garuruwa kuwa tana nan yadda take.

Kuma ɓangaren da ya fi amfani a tsarin jirgin ruwan shi ne mafi arha a ciki. Ƙera ɗaki yana cin kuɗi, amma tambaya ba ta cin komai. Jami'in alhazai na ƙaramar hukumar Roni ko Kazaure yana sanin maniyyatansa watanni kafin tashi, da sunansu da hotonsu da sakamakon gwajin asibiti. Layi guda a takardar, mai tambayar ko mutum na hawa matakala, ko yana da keke, ko wa zai raka shi, ya isa a san kujerar da za a ajiye masa, da masaukin da ke da lif a Makka, da tantin da ke kusa da banɗaki a Mina. Ƙungiyar direbobi da ke iya tsara layin lodi da karɓar kuɗin tikiti kowace safiya ba za ta gaza tsayar da ƙa'ida cewa kujerar gaba ta mai keke ce in ya kira tun jiya, kuma keke ba kaya ba ne, tunda ba a cajin kowa kuɗin ƙafarsa. Akwai dai wata matsala tamu ta kanmu da takardar Turai ba ta hango ba. Keken da guragun wannan yanki suka fi amfani da shi shi ne mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke haɗawa da bututun ƙarfe da tayoyin keke, cikinsu har da ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa a Kano, da ta mayar da ƙera shi sana'a. An yi shi ne domin yashi da burji da tazarar ƙauye zuwa kasuwa, kuma a nan ba shi da na biyu. Amma ba ya naɗewa, ya fi but ɗin ƙaramar mota tsawo, kuma ko a ɗakin nan mai ƙofar inci 32 ba zai iya juyawa ba.